Goggona da Kumfar Iska

Shekara talatin goggona ta yi a ɗakin gwaje-gwaje tana kora ɗigon jini cikin bututun da bai kai silin gashi kauri ba, don gano cuta. Abokiyar gabarta ɗaya ce, kumfar iska. Ƙwaya ɗaya ta shiga bututun, aikin wata guda ya lalace. Shi ya sa komai sai ta ƙwanƙwasa da farce don korar kumfa, har kofin shayinta.

Ranar ritayarta aka raba lemo mai gas. Tsofaffin ɗalibanta arba'in, wasu da furfura, suka duƙufa ƙwanƙwasa kofuna, ba wanda ya kurɓa.

Babana ya ce, "Haba Yaya, abin sha ne fa!"

Ta harare shi. "Rufe mana baki. Saura kumfa uku a naka."