Ɗalibar da ta Girmi Malamarta

Kullum da safe Zaiton, mai sayar da shinkafar kwakwa a ƙofar wata kwalejin koyon jinya a birnin Ipoh, tana ganin matar nan, amma ba ta san sunanta ba. Gajera ce mai jiki, ta doshi hamsin, farar rigar ɗalibai na neman tsagewa a kafaɗunta. Dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe guda. Da gani ta yi shekara ashirin tana wanke ciwo a matsayin mataimakiya, sai yanzu take neman zama cikakkiyar nas.

Yau jarrabawa. Tana zaune a benci, tabarau a bakin hanci, tana haddar sunayen ƙasusuwa, tana laluben kowanne a jikinta. Shinkafarta ta huce.

"Kak, ki ci mana," in ji Zaiton, tana kiranta yaya da yarensu. "Kin ƙirga haƙarƙarin nan sau uku, ba wanda ya gudu."

"Ƙanwata, hannuna ya san aikin, kaina ne ke gardama," in ji matar. "In na faɗi, asibitinmu ba zai sake turo ni ba."

Sai ga wata malama, yarinya ɗanya, ta zo wucewa. Matar ta miƙe zumbur har littafi ya faɗi. "Ina kwana, Malama!"

Da malamar ta shige, matar ta matso kusa da Zaiton, ta yi ƙasa da murya.

"Ni na koya mata ɗaura bandeji a asibitinmu. Har kuka ta yi."