Na fasa wa wani mutum hanci da ƙamus

Jama'ar gida, yau ni Rabi, da ko kaza ban taɓa yankawa ba a Daura, na fasa wa ƙaton namiji hanci a Jamus. Yaya Sani, don Allah kar maganar nan ta kai kunnen Hajiya.

Na taso daga ajin Jamusanci, na biya na ɗauko Lena, 'yar shekara biyun da nake raino, tana cikin kekenta. Muna jiran bas sai ga wani yana tangaɗi, yana warin giya. Ya yi mini magana, ban gane ba. Na ce ya yi haƙuri, koyo nake. Kawai ya fizgi hijabina ta baya har numfashina ya ɗauke. Sannan ya sa ƙafa ya hamɓare keken. Yarinya ta kife, goshinta ya daki ƙasa.

Wallahi ban san lokacin da na zaro ƙamus ɗina daga jaka ba, mai kaurin bulo. Na kwaɗa masa a fuska. Jini ya ɓalle, ya zauna daɓas.

Da 'yan sanda suka zo, Jamusancin duk ya gudu, Hausa kawai nake zuba musu. Wata tsohuwa ce ta nuna shi da sandarta, ta yi bayani. Suka sa masa ankwa.

Uwar Lena ta iso a guje. Na ɗauka korata za ta yi. Ta duba goshin 'yarta, ƙulu ne kawai. Ta duba wuyana, ta ce, "Sau nawa kika buge shi?"

Na ce biyu.

Ta ce, "Kin yi masa sauƙi."