Hasumiya ta Shida

Ku matso kusa 'yan'uwana mata, akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau dai zan faɗe shi ko na ji sanyi. Lokacin da abin ya faru ni matar ɗaka ce a Talata Mafara, ba na fita sai biki ko rasuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in ana zancen gyaran ɗaki a unguwarmu sai an ambace ni. Maigidana yana noman albasa da shinkafa a Bakolori, in ya sayar yakan ba ni ɗan abin da zan yi sha'anina, ni kuwa duk a shoglas yake ƙarewa, kabad ɗin nan na gilashi da muke jera kayan ado.

Akwai wani shagon kayan ɗaki da ya kawo wasu 'yan hasumiyoyi na tangaran, kowace da 'yar fitila a kanta. Mai shagon ya ce irinsu ake ginawa a bakin teku don jiragen ruwa su ga hanya. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai suka shiga raina. Saiti ne na guda shida, kowace da launinta. Ɗaya bayan ɗaya na tara biyar, sababbi a kwalinsu, ba tayi ba ragi. Da na aika a kawo ta shida, mai ja da fari, ya ce ta ƙare, amma in yi haƙuri wata biyu zai sa a kawo daga Kano. Wata biyu ina kallon gurbin nan kamar wawulo? Ban iya ba.

Sai na yi wa dillaliyarmu zancen, wata tsohuwa 'yar Bakura mai zagaya gidaje har Maradun, ranar Talata takan biyo ta wajenmu. Bayan sati biyu ta kwance ƙunshinta, sai ga mai ja da farin. Kun san ƙa'idar dillanci, ba a tambayar kayan wa ne, don mace ba ta fitar da kayan ɗakinta sai ta matsu, kuma sirri take nema. Na san haka sarai, kuma da sanin nan na yi amfani. Kuɗin da mai kayan ta nema bai ma kai na shago ba, amma na taya rabi. Tsohuwar ta ce in duba Allah, mai abin tana cikin wani hali. Na yi dariya na ce ai shi ya sa, ta koma ta gaya mata in matsin ya ishe ta da kanta za ta sauko. Sau uku tana zuwa tana dawowa, sati uku ke nan, ban ƙara ko sisi ba. A na ukun ta aje mini ita ba ta ko zauna ba. Har maƙwabta na kira su ga yadda ake ciniki.

Sallah ta matso, na fito da kayan shoglas ina gogewa. Wani ɗan ƙyalle da aka manna a gindin hasumiyar ya jiƙe ya ɓamɓare. A ƙarƙashinsa ɗigo uku ne na jan farce, da ɗan layi a ƙasansu. Wallahi ina gani na gane shaidar. Innarmu ce ta koya mana yi wa kaya shaida don kada su ɓace a gidan biki, ni ɗigo ɗaya, yayata ɗigo uku da layi. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni, tana aure a wani ƙauye wajen Faru ta ƙasar Maradun, na fi shekara huɗu ban taka ɗakinta ba.

Na sa aka nemo dillaliyar. Ta yi ta kauce-kauce, sai da na nuna mata ɗigon ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce mijin Yaya ya faɗi a babur ya karye a ƙugu, an ce sai an yi mishi aiki a Gusau, shi ne take fitar da kayanta ɗaya-ɗaya. Na ji labarin faɗuwar a lokacin, na buga waya, Yaya ta ce da sauƙi, ni kuma na yarda don yardar ta fi mini daɗi. Na tambayi tsohuwar ko ta kai maganar da na yi. Ta ce ta kai yadda na faɗa, ba ta rage ba, kuma tun zuwa na biyu Yaya ta gane ni ce, don ta ji an ce mai sayen tana Mafara kuma tana da biyar. Yaya da hannunta ta manna ƙyallen. Abin da ta ce wa tsohuwar kawai shi ne, "Ba ta yadda ta taya, amma kada ki ce mata ni ce."

Washegari na roƙi maigidana ya kai ni. Ɗakin Yaya wayam, sai shatin kwanuka a jikin katako. Mijinta yana zaune a tabarma da sanda a gefensa, kuɗin ba su haɗu da wuri ba, wajen mai ɗori aka kai shi, ƙafar ta kama a karkace. Ban ce ni kaɗai na jawo ba, amma satin nan uku nawa ne. Yaya ta tarbe ni da gaisuwa doguwa, ina gajiya, ina mutan gida, ina yara, irin wadda ake yi wa baƙuwa. Na fito da hasumiyar da kuɗi ina kuka. Ta dube su, ta turo mini su baya a hankali, ta ce, "Mi ya kawo kuka? Ciniki ne, kin saya da kuɗinki. Kai abinki ki cika saitinki."

Yau shekara biyu. Ina aika mata shinkafa duk kaka, tana karɓa, tana aiko godiya ta bakin mutane. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma ba ta sake kirana da sunan wasan da take kirana tun ina ƙarama ba.

Na gane kayan shago ba su da uwa ba su da ƙanwa, ki biya ki ɗauka. Amma duk abin da ya fito daga ƙunshin dillaliya daga ɗakin wata ya fito, kuma ba daɗi ne ya fitar da shi ba. Ban ce ku daina saye ba, amma in an ce muku mai abin tana cikin hali, ku ji tsoron Allah ku saya da daraja, ku kuma auna maganar da kuke ba a kai. Ke da kike karanta wannan, abin da kika taya rabin kuɗi a satin da ya wuce, kin san daga ɗakin wa ya fito?