Rose da Wankan Baba Ndatsu

Rose 'yar Kagoro ce, aure ya kawo ta Minna. Mijinta Godwin makaniki ne a Dutsen Kura, ita kuma tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Bayan rasuwarsa yara suka watse neman na kansu, sai fasto ya ce mata coci na neman mai kula da tsofaffi a wani ɗan gida da aka buɗe a Ketaren Gwari. Ta ce za ta gwada. Gwajin nan ne ya zama aikinta har yau.

Tsofaffin ba su da yawa, kuma kusan dukansu ciwon mantuwa ke damun su. Mutum zai ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ko ya dubi ɗan cikinsa ya tambaye shi daga ina. Wanda ya fi ba Rose wahala shi ne Baba Ndatsu, Banufe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Da ta shiga yi masa wanka sai ihu da duka. Ya taɓa fasa mata leɓe da moɗa. Daga nan aka ɗora shi a kan wata ƙwaya irin wadda ake ba masu taɓin hankali. Gida ya yi tsit. Baba ya koma wuni a kujera, kai a sunkuye, miyau na zuba, in ya miƙe sai jan ƙafa. Rose dai ta samu sauƙi, kuma ba ta ɓoye hakan ba.

Ana nan sai wata sabuwar likita, Dakta Patricia, ta fara zuwa duba su. Ta daɗe tana kallon Baba, sannan ta ce, "Mama Rose, wannan maganin ba ya warkar da mantuwa. Kashe masa jiki kawai yake yi, ga faɗuwa, yana ma iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ina so mu riƙa rage shi kaɗan-kaɗan."

"Likita, ke zuwa kike yi ki tafi. Ni ce ke shan dukan."

"Gaskiyarki. In abin ya fi ƙarfinki ki kira ni, mu sake shawara. Amma ki lura min da lokacin da yake fara faɗan, da abin da ake yi masa a lokacin."

Rose ta yarda, ba don ranta ya so ba. Sannu a hankali Baba ya fara ɗaga kai, ya fara kai loma baki da kansa. Ihun ma ya dawo tare da shi. Akwai safiyar da ta fito daga banɗaki jiƙe sharkaf, ta ɗauki waya za ta kira likita, sai ta hango shi ta taga yana ƙoƙarin saka maɓallin rigarsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta ajiye wayar.

Wata Asabar Helen, 'yar ƙanwar Baba, ta zo daga Bida ta tarar ana kokawar wankan. Ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Hausar da Baba ya koya a wurin aiki ta riga ta gudu, Nufanci kaɗai ya rage masa, Rose kuwa ba ta ji.

Helen ta ce, "Mama, ba zagin ki yake yi ba. Cewa yake ke matar wani ce, ki fita kada mijinki ya zo ya same ku a haka. Yana kuma cewa ruwan da sanyi, gwiwarsa na ciwo."

Rose ta saki soso a bokiti. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta ɗaura wa tsohon zane, ta ce a gaya masa ya yi haƙuri, ta fita.

Tun daga ranar, Luke mai gadi, dattijo ne shi ma, ya karɓi wankan, da ruwan ɗumi, bayan rana ta ɗaga. Likita ta duba gwiwar ta ba da maganin ciwo. Helen ta koya wa Rose gaisuwa da 'yan kalmomin lallashi da Nufanci. Kafin damina ta wuce an daina ba Baba ƙwayar gaba ɗaya.

Ba kowa aka iya raba da ita ba. Wata tsohuwa, Mama Esta, wadda ke ganin mutanen da babu su a ɗakinta har ta firgita, tana shan kaɗan har yanzu, ana sake duba ta lokaci-lokaci. Aikin Rose ma ya ƙaru, don tsohon da ke farke sai an bi shi, an amsa masa, an hana shi fita titi. Takan koma gida ƙafafunta a kumbure.

Yanzu da la'asar za ka samu tsofaffin a gindin mangwaron tsakar gida, Rose ta zube musu gyaɗa a faifai suna ɓara. Baba Ndatsu ya fi kowa sauri, ko da yake rabi a bakinsa take ƙarewa. Yana kiran Rose da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa, ita kuma tana amsawa.