Littafin Kurakuran Gwaggo

Gwaggona ta shekara ashirin tana haɗa sabulu a wani dogon ɗaki bayan kasuwa, ita da mata goma sha biyu. Akwai ta da kyauta, akwai faɗa, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. In sabulu ya ƙi daskarewa, laifin mai ne ko na zafin rana.

Ciniki ya ja baya har tana shirin sallamar rabin matan, sai wani babban otal ya ce yana son sabulunta. Sharaɗinsa ɗaya: ta kawo takardar shaidar ƙasa da ƙasa cewa aikinta na tafiya bisa tsari. Gwaggo ta zage damtse. Aka rubuta matakan aiki aka liƙa a bango, kowane duro ya samu lamba, aka tanadi littafin rubuta kurakurai. Ranar da mai bincike daga masu ba da takardar za ta zo, Gwaggo ta sa aka ɓoye lalataccen sabulu a bayan ƙofa.

Mai binciken ta buɗe littafin, ta gan shi fari tas.

"Ba ku taɓa yin kuskure ba?"

"Ko sau ɗaya, 'yar nan," in ji Gwaggo.

Matan suka sunkuyar da kai.

Mai binciken ta ce, "To Mama, ba zan sa hannu ba. Ni so nake in ga yadda kuke gyara abin da ya ɓaci. Zan dawo bayan wata uku."

Na tausaya wa Gwaggo, amma dariya ta kusa ƙwace mini. Dole aka soma rubutu. Kafin wata biyu littafin ya tona asiri: duk ranar da sabulu ya lalace, Gwaggo ce ta auna soda da tsohon kwanonta, wanda gindinsa ya loɓa tun tuni. Ta daɗe tana kallon kwanon. Daga baya ta ɗauki biro ta rubuta da hannunta, "Awona ne ya gaza." Washegari ta sayo sikeli.

Mai binciken ta dawo, ta karanta, ta sa hannu. Asara ta ragu, otal ya turo mota, wasu otal biyu suka biyo baya don takardar ta ishe su shaida.

Ranar lodin farko Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa tana duban matan ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wadda zan sallama," ta ce. "Ku nemo mini wasu huɗu."