Goron da Inna Raliatou Ta Kai Lyon

Inna Raliatou mutuniyar Damagaram ce. Shekara talatin da biyu ke nan tana zaune a Sevran da ke gefen Paris, a hawa na shida na wani bene, tana sharar ofisoshi a Paris. Tare muke aiki, kuma wajen shan shayin safe ne ta ba ni labarin nan, kaɗan-kaɗan.

Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu da daɗewa. Wanda ya rage mata a Faransa shi ne ƙanenta Mamuda, da ta goya tun yana shekara huɗu, ita ce kuma ta kawo shi ƙasar. A shekarar 2009 aka kama shi da laifin yi wa wata yarinya fyaɗe. Sunanta Rékia, shekararta goma sha biyu, ɗiyar ƙawar Raliatou ce. Aka yanke masa shekara goma sha biyar. Tun daga nan matan Nijar suka daina gayyatarta suna da biki. Ba wadda ta zage ta, wayarta ce dai ta yi shiru. Masu ƙwanƙwasa mata ƙofa yanzu 'yan mata ne ƙanana na benen, 'ya'yan maƙwabta Larabawa da 'yan Mali, da ke zuwa cin fanke ran Laraba suna kiranta Tanti.

Da wa'adin Mamuda ya matso, ta kwashe keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki, ta sayo katifa. Ranar ta zo, bai fito ba. Avokansa, wato lauyansa, ya bayyana mata cewa likitoci sun duba shi, sun ce har yanzu ba a aminta da shi kusa da yara ba, don haka alƙalai suka tura shi wata cibiya a kudancin Paris. A takarda ba gidan kaso ba ne, amma ƙofa a kulle take, kuma kowace shekara za a sake duba lamarin. Ya miƙa mata wata takarda, ya ce in ta sa hannu cewa za ta sauke shi a gidanta, mai yiwuwa ta taimaka baɗi.

Raliatou ta kwana biyu tana juya maganar, har ta ga kamar ta gano inda matsalar take. A gida, laifi ba ya ƙarewa sai an je an durƙusa gaban wanda aka cuta ya ce ya yafe, su kuwa shekara goma sha biyar ba wanda ya je. A ganinta wannan ne ya hana ƙofar buɗuwa. Dattawa ake aikawa irin wannan tafiya, sai ta roƙi wani malami a masallaci. Ya ce zai yi tunani, bai sake kira ba. Ta sayi goro ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ta haɗa da turmin atamfa, ta hau motar Lyon, inda Rékia take yanzu, ita kaɗai, avoka ma bai sani ba.

Ta ji labarin Rékia tana aiki a wani kantin magani a unguwar La Guillotière. Ta zauna a tashar tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, da ke kallon kantin har lokacin hutun rana, sannan ta tare ta. Rékia ta gane ta nan take. Ta tsaya cak, daga baya ta gaishe ta da Hausar da Faransanci ya cinye rabinta. Raliatou ta kai gwiwa ƙasa a bakin titi, Rékia ta ɗago ta, ta zaunar da ita a benci, ta bar ta ta faɗi abin da ya kawo ta har ƙarshe.

"Inna, na yafe masa tun ina shekara ashirin," in ji Rékia. "Ba don shi ba, don in samu barci. Amma ba ni na kulle shi ba, kuma ba maganata za ta buɗe ba."

Raliatou ta ce ko ba komai ta ji daɗi, ta shiga sa mata albarka. Rékia ta tambaye ta ko gidanta za shi in ya fito. Ta ce i, ai ta ma sayi katifa.

"Akwai yara a benenku?"

Raliatou ta tuna 'yan matan da ke zuwa cin fanke. Rékia ta ɗauki goro ɗaya don girmamawa, ta tura mata sauran da atamfar, ta roƙe ta kada ta sake zuwa. Ta koma kanti tun hutun bai ƙare ba.

Ran Asabar Raliatou ta je ziyara kamar kullum. Mamuda ya yi furfura, ya yi ƙiba irin ta wanda ba ya tafiya. Ta gaya masa ta je Lyon, kuma yarinyar ta yafe. Ya yi murna, har ya tambayi ko ɗakin da ta gyara masa yana da taga, sannan ya tambayi takardar avoka.

"Ban sa hannu ba."

"Yaya, har da ke?"

Ta ce masa ya riƙa cin abinci, kada kuma ya ƙi zuwa wajen likita, za ta dawo Asabar mai zuwa. Bai yi mata sallama ba. Ta koma, kuma har yau tana komawa, ko da rabin ziyarar shiru za su yi.

Bana ma avoka ya aiko da takardar, tana cikin jakarta a ninke. Katifar tana jingine da bango cikin ledarta. Goron kuwa ta kawo mana wajen aiki, ba mai ci a cikinmu, sai ita ta riƙa ɓara ɗaya kowace safiya har ya ƙare. Ran Laraba tana tashi aiki da wuri, don kada yaran su tarar da ƙofa a rufe.