Lambun da Badaru Ya Share

A fadamar Danchadi ba a taɓa ganin lambu mai hargitsi irin na Malam Na'Allah ba. Zogale a bakin iyaka, yakuwa da rama sun rungumi juna, ciyawa kwance a kan kunyoyi, albasa tana leƙowa daga gindin gauta. Amma a cikin hargitsin nan ne wani farin gauta yake fitowa, mai ɗan ɗaci a farko da zaƙi a ƙarshen harshe. Uwar Na'Allah ce ta taho da irinsa daga Lambara ranar da ta tare. Duk garin babu mai shi sai su.

Badaru, ɗan Na'Allah, ya tashi yana jin kunyar lambun. Abokansa kan ce, "Ɗan mai daji, yaushe za ku kama kura?" Wata rana uban ya juya masa ganyen gauta, ya ɗora gilashin tabaransa a kai. Badaru ya ga jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono, suna tsotsar ganye suna saƙa zare. Ya kuma ga wasu farare masu sauri suna farautarsu.

"Ka gani? Mai ci da wanda aka ci," in ji uban. "Ka bar ma kowa maɓoya. In ja ya ƙare, hwarin mi za shi ci?"

Badaru ya ce to, hankalinsa yana wani wuri.

Ranin farko bayan rasuwar uban, Badaru ya sare zogale, ya ƙone ciyawa, ya dasa gauta zalla, layi bayan layi. Don layukan su cika, ya zazzage goran iri gaba ɗaya, abin da uban bai taɓa yi ba. Masu babur suna tsayawa suna yabawa. Inna, mahaifiyarsa, ta zo ta riƙe ƙugu.

"Badaru, masallaci kaka gini ko lambu? Ko ƙuda ba shi da wurin sauka."

"Inna, zamani ya sake."

"To, Allah shi sa ƙwarin sun ji labari."

Da zafi ya shigo, jajayen suka sauka. Fararen suka bi su, babu ciyawa, babu lungun ɓuya, suka cinye su tas. Badaru ya yi murna. Bai san fararen sun cinye abincin gobensu ba, yunwa ta kashe su. Sai iska ta kawo sababbin jajaye daga lambunan maƙwabta, suka tarar da fili babu mafarauci. Badaru ya yi feshin magani har kafaɗarsa ta sage. Ganye ya yi ɗige-ɗige, ya koma ruwan ƙasa, saƙa ta lulluɓe shi kamar likkafani. Gauta bai nuna ba, balle a ɗebi iri.

Yau furfura ta fara sauka a gemun Badaru, lambun kuma ya koma hargitsinsa. Zogale ya tofo, ciyawa ta kwanta, ja da fari suna zagayen juna a bayan ganye, babu mai ƙarar da wani. Badaru ya je Lambara, ya je Kajiji, gida gida yana tambayar farin gauta na mutanen da. Wata tsohuwa ta ba shi wani iri, ta ce wataƙila shi ne.

Ya shuka irin. Da gautan ya nuna, ya kawo wa Inna na farko a tafin hannu. Ta goge shi da bakin zane, ta gatsa, ta daɗe tana tauna.

"Shina da kyau, ɗana," ta ce.

Ta ajiye sauran a kan faifai. Ba ta sake ɗauka ba.